Kwamfutar da Ke Suma Idan Baba Malam Ya Shigo

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma ne, ranar wata Asabar cikin damina, a shekarun alif ɗari tara da casa'in da wani abu. Mu huɗu ne a ɗakin da ke jikin zaurenmu a Limancin Kona. Na farko ni, a kan kujera, hannuna bisa madannan kwamfuta. Na biyu ƙanena, mai kwamfutar, ma'aikacin gwamnati. Na uku Alhaji, ɗan gwaggona, wato taubashina, mai sayar da yadi, wanda babu abin da ke kawo shi ɗakin sai neman abin da zai yi mini dariya a kai. Na huɗu Baba Malam, yayan mahaifinmu, wanda ya yi sallama a daidai lokacin, sanda a hannu.

Na sauka daga kujera, na kai gwiwa ƙasa, na sunkuyar da kai na gaishe shi. Gaisuwar gidanmu tana da tsawo. Sai an tambayi wuni, an tambayi gajiya, an tambayi ruwa, an tambayi ƙarfin jiki, sannan babba ya sa albarka a tashi. Da na tashi na juya, sai na tarar allon ya yi baƙi, wasu fararen lambobi na gudu a samansa kamar yadda suke yi idan an kunna ta da safe. Shafin da nake kai ya tafi.

"Akawu," in ji Alhaji, "baƙuwarka ta sake suma. Ko dai ba ka ba ta abinci ne?"

"Rufe mini baki."

Baba Malam ya matso da fuskarsa kusa da allon har rawaninsa ya taɓa gilashin. "Ina babin indararo?"

"Allah gafarta Malam, zan sake bugawa."

"Wancan makon ma haka ka ce."

Bari in faɗi yadda aka zo nan, bi da bi.

Baba Malam ya daɗe yana sasanta maƙwabta a unguwa. Lungunanmu matsattsu ne, gida na jingine da gida, don haka rigima ba ta ƙarewa. Indararon wane na zuba a gindin katangar wane. Wane ya fito da dakali ya ci hanya. Wane ya fasa taga tana leƙen tsakar gidan wani. Abin da ya karanta a littattafai game da haka, da abin da ya gani da idonsa, duk ya rubuta da ajami a takardu. Da yanar ido ta fara rufe masa gani, sai ya ce yana so a mayar da su boko, a buga, a raba wa mutane, kuma ya duba kowane shafi da kansa kafin idon ya tafi gaba ɗaya. Boko da girma ya koye shi, da yatsa yake bi. Idan haruffan manya ne, aka fito da shi hasken hantsi, yana iya karantawa. Amma kowa a gidan yana ganin yadda takarda ke ƙara matsowa kusa da hancinsa wata bayan wata.

Ni ne mai bugawa, domin aikina ke nan. Karatuna na boko bai yi nisa ba, amma na yi aikin tafireta a ofis har na yi ritaya, shi ya sa ake ce mini Akawu. Na so in yi aikin da tafiretata. Ƙanena ya ce tafireta ba ta manyan haruffa, ya je ya sayo kwamfuta ta hannu wurin wani da zai bar gari. Farin akwati mai gurnani, da allo mai doguwar ƙeya kamar talabijin, da firinta mai ƙara kamar ana yaga atamfa. Mutanen unguwa sun yi ta zuwa kallo, wasu har suna cire hula su sosa kai. Ban daɗe ba na saba da ita. Ba ta da haruffanmu masu lanƙwasa, sai in bi bayanta da biro in sa musu. Wannan bai dame ni ba.

Abin da ya dame ni shi ne mantuwarta. A tafireta abin da ka buga ya bugu, takardarka na hannunka. Ita kuwa sai ka ce mata ta adana, in ba haka ba ta manta. Na ɗauki ƙa'idar adanawa a ƙarshen kowane shafi. To amma wani suman yakan zo da mugunta, ka buɗe babin da ka adana ka tarar ya koma ƙananan akwatuna da alamomin da ba na kowane yare ba.

Kuma ba ta da lokaci. Wata rana ta yi aiki tun safe har Magariba ko tari babu. Wata rana ta faɗi kafin in gama layin farko. Ba ɗauke wuta ba ne, domin ɗauke wuta mun san shi, ƙwan fitila ya mutu, fanka ta tsaya. Nan kuwa fitila na ci, fanka na juyawa, ita kaɗai ke faɗuwa ta tashi. Abin da ya fi ƙona mini rai, a hannun ƙanena ba ta taɓa yi ba.

"Ai ta san ɗan boko na gaske," in ji Alhaji. "Kai kuwa dukanta kake yi kamar tsohuwar tafiretarka. Ko ni aka daka haka sai na suma."

Washegarin wannan Asabar ɗin ƙanena ya goyo wani abokinsa a babur daga Tudun Jukun, mai gyaran irin waɗannan na'urori. Injiniya muke ce masa. Mutum ne mai natsuwa, kuma na yaba da shi, domin shi ma ba ya tsallake mataki.

Ya fara da zargin zafi ne ke damunta. Ya kwance murfin akwatin, ya saita fankar ɗakin tana hura cikinsa, mu kuma muka zauna muna gumi saboda ita ta sha iska. Daga nan ya koma kan datti. Ya aro famfon keke yana hurawa, sai ga kashin tsaka da wani busasshen ƙwai sun faɗo daga bayan wani koren faifai.

"Ga ɓarawon!" Alhaji ya daka tsalle. "Tsaka ce ke cinye littafin Kawu!"

Murnar da muka yi ranar ba ta misaltuwa. Alhaji ya aika aka sayo balangu, aka ɗora ƙwan tsakar a kan murfin kwano ana nuna wa duk wanda ya shigo. Ni kaina na ci naman har da neman ƙari. Kafin mako ya zagayo ta sake suma.

Injiniya ya dawo da wani ɗan faifai a aljihu, ya ce wataƙila bairos ne, wata cuta da na'ura ke ɗauka daga 'yar'uwarta.

"Subhanallahi," in ji Alhaji, yana ja da baya yana toshe hanci da hannun riga. "Yana kama mutane?"

Injiniya bai sami komai ba. Sai ya ce ƙila wutar unguwarmu ce ke rawa, aka kawo sitabilaiza mai allura a goshi. Bai hana ba. Ya ciro faifan ƙwaƙwalwarta ya goge ya mayar. Bai hana ba. Daga ƙarshe ya ce a ba shi ita ya tafi da ita. Aka naɗe akwatin a bargo, ƙanena ya rungume shi a bayan babur, ana yayyafi, ni kuma ina bin su da laima har bakin lungu kamar mai rakiyar mara lafiya. Ta yi mako a Tudun Jukun tana aiki ba dare ba rana, ba ta ko yi atishawa ba. Ya dawo da ita ya ce lafiyarta ƙalau.

Ranar da ta dawo, da yamma, ina tsakiyar babin katanga, Baba Malam ya yi sallama. Na durƙusa, na gaishe shi, na tashi, na juya. Baƙin allo, fararen lambobi. Da ta gama farfaɗowa na buɗe babin, sai ƙananan akwatuna tun daga sama har ƙasa.

"Ni fa na lura da wani abu," in ji Alhaji. "Ba ta suma sai Kawu ya shigo. Kwarjini ne ya yi mata yawa."

Ƙanena ya yi dariya. Baba Malam bai yi ba. Ya dogara da sandarsa, sannan ya ce a hankali, "To, in haka ne, ƙila ba a nufe ni da ganin aikin nan ba. Akawu, tattara mini takarduna. Kada in yi ta wahalar da ku."

Alhaji ya sunkuyar da kai.

"Allah gafarta Malam," na ce, "a ba ni zuwa hantsin gobe."

"Gobe. In ba a gano ba, a bar shi haka nan."

Na san halinsa. Idan takardun nan suka koma cikin gafakarsa, ba za su sake fitowa ba, kuma idon ba zai jira mu ba.

Bayan Magariba na zauna a dakali ina juya maganar Alhaji. Ba gaskiya ba ce duka. Ta suma ranar da Liman ya leƙo. Ta suma ranar da Gwaggo ta shigo neman allura. Ta suma wata rana ina ni kaɗai, birona ya faɗi na sauka nema. Kuma sau da yawa Baba Malam ya shigo ba abin da ya faru, musamman idan na tarye shi tun daga zaure. Amma akwai ƙanshin gaskiya a ciki. A ofis, idan abu ya ɓace, ba ma zaman zato. Mukan sa kowa ya koma inda yake, ya sake yin abin da ya yi, ɗaya bayan ɗaya. Na aika wa Injiniya ya zo da sassafe.

Da gari ya waye muka hallara. Na roƙi gafarar Baba Malam, na ce ina so ya fita zaure ya sake shigowa.

"Sau nawa?"

"Har sai ta suma, Allah gafarta Malam."

"To. Ni da gidana, yau ni ne baƙo."

Na ba kowa aikinsa. Mutum ɗaya a kujera, sauran idonsu a kan allo, ba mai magana. Injiniya ne ya fara zama. Baba Malam ya yi sallama ya shigo. Injiniya ya ɗan rusuna daga kan kujera, hannu a ƙirji, ya ce, "Ina kwana, Baba." Allo bai motsa ba.

"Ita ke nan gaisuwar?" in ji Baba Malam. "Haka ake yi a Tudun Jukun?"

Dokar shirun da na kafa ta karye tun a nan. Sai ƙanena ya zauna. Baba Malam ya fita ya dawo. Ƙanena ya miƙe ya yi ɗan tsugunon nan nasu na ma'aikata, wanda wando ba ya taɓa ƙasa. Allo bai motsa ba. Alhaji ya ce shi ma sai ya gwada, ya baje babbar riga a kujerata yana danna madannai da yatsa ɗaya, da aka yi sallama ya ruga har bakin ƙofa ya zube yana zuba kirari. Allo bai motsa ba.

"Kun gani? Ni ma ta san ni. Saura mai laifi."

Na zauna. Na sa hannu a madannai. Baba Malam ya yi sallama. Na sauka, na kai gwiwa ƙasa, ban ko gama cewa "Allah gafarta" ba sai muryoyi uku suka tashi a tare.

"Ta tafi! Ta tafi!"

Sai ka ce an ci ƙwallo. Duk tsawon wahalar nan, wannan ne karon farko da wani ya ga faɗuwarta da ido, domin kullum idan babba ya shigo kowa kansa a ƙasa yake. Alhaji ya kama hannun Injiniya yana girgizawa. Ƙanena na ta buga cinya. Na tsawata musu.

"A yi a hankali. Yanzu sai a riƙa cire abu ɗaya ɗaya."

Muka jira ta farfaɗo, muna tauna goro. Baba Malam, wanda ya zo da fuskar mai karɓar takardunsa, yanzu shi ke gaba. "In ajiye sandar? Ƙila ƙarfen gindinta ne." Ya ajiye ta, ya shigo yana dafa bango. Na durƙusa. Ta tafi. Alhaji ya ce to a gwada ya shigo ba sallama.

"Wannan kam ba zan yi ba," in ji Baba Malam, "ko da littafin zai ƙone."

Sai Injiniya ya ce, "Baba Akawu, wannan karon kada ka tashi. Zauna a kujerar ya shigo."

Ban taɓa yin aiki mai wuya irin wannan ba. Yayan mahaifina ya yi sallama, ya shigo, ya tsaya a kaina, ni kuwa ina kan kujera kamar wani hakimi. Alhaji ya danne kafaɗuna da hannu biyu yana cewa, "Daure, Akawu, daure, saura kaɗan!" Gumi ya jiƙa mini hula. Ƙafata sai zillo take yi da kanta. Allo kuwa ko gezau.

"Saura ɗaya," na ce, bayan na nemi gafara. "Malam ya tsaya a zaure. Kada kowa ya shigo."

Na koma kujera. Na dubi ƙofa, ba kowa sai labule. Na sauka, na durƙusa wa labulen, na ce, "Allah gafarta Malam, an kwana lafiya?"

"Lafiya lau, yaro, Allah ya yi maka albarka," in ji Alhaji da muryar tsofaffi.

Sitabilaiza ya yi ƙas. Allo ya yi baƙi.

Injiniya ya zura wa ƙafata ido. "Baba Akawu, kada ka motsa. Ɗaga gwiwar dama kawai." Na ɗaga, akwatin ya fara gurnani. "Mayar." Na mayar, ya mutu. "Ɗaga." Ya tashi.

"Kai! Kai! Kai!" Alhaji ya riƙe ciki. "Ashe makunnin a gwiwarsa yake!"

Injiniya ya kashe wutar daga bango, sannan muka janye kujera muka ɗage tabarma. Ga waya kwance. Ranar da aka kafa na'urar, soket ɗin ɗakin yana can jikin bangon ƙofa, wayar ba ta kai ba, ƙanena ya yi mata ƙari ya naɗe mahaɗar da baƙin salatif. Ni kuma na ce ba za a bar waya a fili ba a ɗakin da mai raunin ido ke shiga, a bi da ita ƙarƙashin tabarma. Mahaɗar ta kwanta a kan wani ɗan rami a daɓen, daidai inda gwiwata ke sauka. Har tabarmar ta yi ɗan kwarmi a wurin. Idan na danna, bakin wayoyin su rabu. Idan na ɗaga, su koma su haɗu kamar ba su taɓa yin komai ba.

"Na kwashi mara lafiya zuwa Tudun Jukun," in ji Injiniya, "na bar ciwon a gida."

Baba Malam ya shigo ya ce a ba shi ya taɓa. Aka sa masa mahaɗar a hannu. Ya shafa ta, ya shafa kwarmin tabarmar, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi dariya har ya zame ya zauna a ƙasa, rawani ya karkace, hawaye na bin gemunsa. Tun da nake ban taɓa ganin haka ba. Alhaji na birgima a kan tabarmar da muka ɗage. Gwaggo ta ɗaga murya daga bayan katanga tana tambaya ko haihuwa aka yi. Ni da ba na son dariya mai ƙara, na yi ta har hulata ta faɗi, na sunkuya ɗauka, Alhaji ya yi ihu, "Kada ka durƙusa, za ka kashe wutar unguwa!" Muka sake ɓarkewa.

Da aka lafa, ƙanena ya ce, "Yaya, abin ai mai sauƙi ne. Daga yau ka riƙa gaisuwa daga kujera."

Na dube shi har ya kau da kai. Kafin Azahar an sayo sabuwar waya doguwa, ba ƙari a jikinta, an bi da ita ta jikin bango, ta saman ƙofa, an kafe ta da ƙusoshi. Ni na riƙe tsani.

"Akawu," in ji Baba Malam yana gyara rawani, "takardun su zauna a wurinka."

Ba ta sake suma ba, sai fa in an ɗauke wuta. Na sake buga babin katanga, na wuce na taga, na wuce na hanya. Kowace safiya nakan kai masa shafukan jiya a dakali, ya juya baya ga rana, ya bi da yatsa. Ya kama ni da kurakurai, kuma yana jin daɗin kama ni. Har ya ƙara ɗan gajeren babi da babu shi a ajamin, a kan wayar lantarki da ke ratsa katangar maƙwabci, ya ce zamani ya kawo ta, dole a san inda za ta bi. Shafukan ƙarshe sai da takarda ta taɓa hancinsa, amma ya karanta su da kansa har layin ƙarshe, ya ce a kai a buga. Aka yi kofe, aka ɗinke da zare, aka raba. Kafin wata daminar idon ya rufe. Yakan sa a miƙo masa littafin ya riƙe, ya faɗi abin da ke kowane shafi, domin ya gan shi. Har ya bar duniya, in na durƙusa gaishe shi, yakan ce, "A hankali, Akawu, duba ƙasa tukuna."

Kai mai karatu, ga roƙona. Yau ɗin nan, ka tashi ka bi wayar na'urarka da hannu tun daga bango har zuwa akwati, ka ɗage duk tabarmar da ta bi ta ƙarƙashinta. In ka tarar ta ratsa inda ake durƙusa wa manya, ka ɗauke wayar ka sake mata hanya, ka bar gwiwar a inda take.